Maganar baki ba ita ce kora ba: amsa ga mai tambaya daga Makka

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kin ce yaronki na mutawassiɗ (ƙaramar sakandare) ya yi faɗa, wakilin makaranta, wato mataimakin shugabanta, ya ce kada ya sake dawowa, kina tambaya ko shi ke nan an kore shi. Kwantar da hankalinki tukuna. Akwai takardar kora a hannunku? In babu, ba a kore shi ba.

Irin wannan ta taɓa faɗo mini muna zaune wajen Shara Mansur a Makka. Babban ɗana ya fasa wa wani yaro leɓe a layin maksaf, kantin abincin makaranta, wai a kan riyal biyu. Ya shigo gida farar rigarsa duk jini, ya ce an ce ya tafi. Don kunya na rufe shi a ɗaki kwana huɗu, ko maƙwabta ban gaya wa ba. Ashe ni ce nake ƙara masa laifi. Da aka buɗe mini shafinsa na Nur, manhajar bayanan ɗalibai ta ma'aikatar ilimi, kwanakin nan duk an rubuta su fashi ba uzuri.

Ma'aikatar ilimi ta Saudiyya tana da ƙa'idojin ɗabi'a da halarta, laifi hawa-hawa ne. Yaro yana da maki 100 na ɗabi'a, daga ciki ake zaftarewa. Ana kiran waliyyinsa, a rubuta ta'ahhudi, wato alkawarin ba zai sake ba, kwamitin makaranta ya zauna. In abin ya yi girma sai a ɗaga shi zuwa Idaratut Ta'alim, ofishin ilimi na yanki, kuma sau da yawa a sauya wa yaro makaranta ake ƙarewa. Wakili shi kaɗai, cikin fushi, ba ya yanke wannan.

Mu dai tsoro ke cin mu, da an ce ofis sai mu tuna iƙama, takardar izinin zama. In ta yaronki tana da rai, me za ki ɓoye?

A maganar ɗana, ƙanin babansu ne ya je mana, tunda makarantar maza ce. Ya fara da murshid, mai ba ɗalibai shawara, ya nemi ganin abin da aka rubuta kafin ya sa hannu. Daga can muka je gidan yaron da aka ji wa ciwo muka ba da haƙuri. Aka cire wa nawa maki, aka sauya masa aji.

Ke ma, ranar Lahadi baban yaronki ya kama hannunsa su tafi tare, su isa kafin a watse daga layin safe.