Katin Bashi: Me Zan Duba Kafin In Sa Hannu?

Tambaya: Ni ma'aikaci ne a Gwale, cikin birnin Kano. Bankin da nake karɓar albashi ya yi mini tayin katin bashi na naira 300,000. Mene ne bambancinsa da katin ATM, kuma me zan duba?

Amsa: Malam, katin ATM kuɗinka yake fitar maka, wannan kuwa kuɗin banki ne, duk sanda ka miƙa shi ga mai POS rance ka ci. Idan ka biya duka kafin ranar da aka yanka maka, galibi ba a ɗora kuɗin ruwa a kan sayayya, amma cire tsabar kuɗi da shi yakan fara tara ruwa tun daga ranar.

Tarkon da mutane suka fi faɗawa ciki shi ne biyan ɗan mafi ƙarancin abin da banki yake yarda a biya duk wata kawai. A ce ka yi sayayyar Sallah ta naira 200,000 a Kantin Kwari, kuma ruwan kashi 3 cikin 100 ne a wata, to naira 6,000 ke nan duk wata, wato 72,000 a shekara, alhali idan ruwan kaɗai kake biya uwar kuɗin tana nan daram. Don haka ka sa jami'in banki ya rubuta maka adadin ruwan na shekara, da kuɗin riƙe kati, da tarar jinkiri, domin na wata da suke saurin faɗa ya fi daɗin ji a kunne.

Bashin kuma yana bin lambarka ta BVN. Tun 2020 Babban Bankin Najeriya ya ba bankuna damar cire bashin da aka gaza biya daga asusun mutum na wasu bankuna, bisa yarjejeniyar GSI da ake sa wa hannu lokacin karɓar rance. Ana kuma miƙa tarihin biyanka ga kamfanoni irin su CRC da FirstCentral, inda duk mai shirin ba ka rance zai duba.

Maganar hukuncin kuɗin ruwa a addini kuwa, wadda na tabbata tana ranka, ka kai wa malaminka takardar sharuɗɗan ya karanta. Idan kaya kake buƙata, bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, kamar Jaiz da ya buɗe reshe a Kano a 2012, suna yin murabaha: su sayi kayan, su sayar maka da ribar da aka ƙayyade tun farko, ka riƙa biya kaɗan-kaɗan daga albashi.