Na'urar ta ce akwai laima, albasa kuwa tana ƙonewa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina noman rani a Jiratawa, albasa da tumatir. Ɗana ya sayo mini wata 'yar na'ura mai tsinke biyu da ake cakawa a ƙasa. Kullum allurarta tana nuna akwai laima, amma bakin ganyen albasar sai ƙonewa yake, ga wani farin abu kamar kanwa a gefen fangali. Lalacewa ta yi? Kuma akwai wadda ake haɗawa da salula?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Da wuya a ce lalacewa ta yi, gishiri ne yake yi mata wayo. Irin wannan mai araha ba ruwa take aunawa ba, yadda lantarki ke ratsa ƙasa take aunawa. Ruwa yana sa lantarki ya wuce, gishiri da takin zamani ma haka. Idan gishiri ya taru, ko laimar ba ta taka kara ta karya ba, allura za ta haura. Shuka kuwa tana cikin ƙishi, don gishiri yana hana saiwa jan ruwa.

Ni da ruwan zan fara, ba da ƙasar ba. Ka nemi abin gwaji mai siffar alƙalami da aka rubuta wa EC, wato ma'aunin yadda lantarki ke ratsa ruwa, wanda ke nuna yawan gishiri, ka tsoma shi a ruwan da ke fitowa daga famfonka. A ma'aunin FAO, hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ƙasa da 0.7 dS/m (awon da ake lissafa EC da shi) ruwa lafiya lau ne, daga 0.7 zuwa 3 sai da lura, abin da ya haura 3 kuwa matsala ce babba. Idan naka da µS/cm yake nunawa, 700 shi ne 0.7. Ka gwada a farkon rani, ka sake a watan Afrilu lokacin da zafi ya tsananta, ka ajiye lambobin a salularka.

Albasa ba ta da haƙuri. Amfaninta yana fara raguwa da zarar gishirin ƙasa ya wuce 1.2 dS/m, tumatir yakan jure har 2.5, alkama har 6. Shi ya sa albasarka ta riga tumatir kuka. Sai dai waɗannan lambobi na ɗakin gwaji ne, kada ka gwama su kai tsaye da abin da tsinke ya nuna a fangali. Don gwaji na sosai, ka tuntuɓi ma'aikatan INRAN, cibiyar binciken aikin gona ta Nijar, a reshenta da ke Tarna.

Ta salula akwai, wasu da Bluetooth, wasu da wayar USB, amma ka tabbata salularka tana karɓar OTG, wato ana iya jona mata na'ura ta wayar USB, kafin ka ba da kuɗinka. Ka zaɓi wadda ke nuna laima da kashi cikin ɗari, da EC daban, da zafin ƙasa, domin EC yana ƙaruwa da kusan kashi 2 cikin ɗari a kowane ƙarin digiri na zafi. Lambobin NPK, wato sinadaran taki, da wasu masu araha ke nunawa kuwa, ni ba na sayen taki a kansu, yawanci daga EC ɗin ake ƙiyasta su.

Ko wacce ka saya, sai ka koya mata ƙasarka. Laimar kashi 15 a jigawa ƙoshi ne, a laƙar bakin Gulbi kuwa ƙishirwa ce. Ka ba fangali ruwa sosai, ka auna washegari, ka rubuta. Ranar da ka dunƙula ƙasar gindin shuka ta ƙi kamuwa, ka sake aunawa. Tsakanin lambobin nan biyu za ka riƙa ban ruwa, kada ka bari ta kai ta ƙasan. Ga albasa, ka caka tsinken kamar santimita 15, inda saiwa take, ka danne ƙasa kada iska ta shiga, kuma ka gwada wuri uku ko huɗu.

Farin abin nan kuwa, ka kankare shi ka fitar da shi daga garka, sannan lokaci-lokaci ka ba da ruwa mai yawa ya wanke gishirin ya sauka ƙasa da saiwa. Idan wurin yana riƙe ruwa, ka fara buɗe masa magudana.