Babana ya ajiye maganin asibiti ya koma homiyofati da zuma

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mahaifina yana fama da ciwon sukari shekara 9. Wani abokinsa ya kawo masa 'yan fararen ƙwayoyi na homiyofati daga Indiya, yana haɗawa da habbatus-sauda da zuma. Na ji an ce da giya ake jiƙa ƙwayoyin. Shin halal ne? Yau sati uku da ya ajiye na asibiti, ga kuma ɗan miki a babban yatsansa na ƙafa ya ƙi warkewa.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ke kuma ya yi miki albarka.

Batun giyar mai sauƙi ne: ɗigo ake yi a kan ƙwayar ya bushe, ba ya sa maye, malamai da dama sun sauƙaƙa a irinsa. Abin da ya tayar min da hankali shi ne wanda kika bari sai ƙarshe, wato sati ukun nan da mikin. Neman magani asalinsa halal ne, amma yana zama wajibi idan barinsa zai kai ga rasa rai ko gaɓa. Haka Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zartar a zamanta na Jidda a 1992. Mai sukari da miki a ƙafa yana cikin wannan, don yanke ƙafa sau da yawa daga ɗan miki irin wannan yake farawa. Bai halatta Baba ya ci gaba da barin maganinsa ba.

Ita homiyofati wani likitan Jamus, Samuel Hahnemann, ya fito da ita a 1796. Ana zuba ɗigo ɗaya na magani cikin ɗigo 99 na ruwa, a girgiza, a ɗebi ɗigo daga nan a sake. Duba jikin kwalbar, in kin ga 30C, sau talatin aka yi haka. Tun wajen na goma sha biyu da wuya ko ƙwayar zarra ta maganin ta saura. Ƙwayar kanta kuwa sukari ce. Hukumar binciken lafiya ta Ostireliya ta tantance gwaje-gwajen a 2015, ba ta sami cutar da aka tabbatar tana warkarwa ba, Faransa ma ta daina biyan kuɗinta a 2021. Kada ki haɗa ta da saiwa da ganye na gargajiya. Maganin zazzaɓin cizon sauro da muke sha yau daga wani ɗan'uwan tazargade aka samo shi, bayan an gwada an auna.

Na san abin da Baba zai ce miki: ai Annabi (SAW) ya ce habbatus-sauda waraka ce daga kowace cuta ban da mutuwa. Hadisin ingantacce ne, fahimtar da masu lasifika a kasuwa suke yi masa ce gurguwa. Ibnu Hajar ya kawo daga Khaɗɗabi cewa lafazin na gama-gari ne amma ana nufin wasu cututtuka, Ibnul Arabi Bamalike kuma ya ce ko zuma akwai mara lafiyar da za ta cutar. Larabci ya saba da haka. Alƙur'ani ya ce iskar da aka aika wa Adawa, mutanen Annabi Hudu, tana rusa kowane abu, a ayar kuma ya ce gidajensu sun saura. Da habba ta wadatar, me ya sa Annabi ya yi ƙaho? Me ya sa ya hana Sayyidina Ali cin dabino yana murmurewa, ya nuna masa sha'ir da ganye? Ko a ɗauki hadisin a yadda yake, bai faɗi awo ba, bai kuma ce a zubar da wani magani ba. Habbar ya sha in likita ya yarda. Zumar kuwa a dakata, tana ɗaga sukari.

Kada ki tunkare shi da gardama, dattijo ba ya son 'yar cikinsa ta nuna masa ya yi kuskure. Ki sami yayansa ko limamin unguwarku su yi masa magana, a kai shi asibiti yau, kada a jira gobe. Ki zuba kwalaben duka a leda likita ya gani, kar a ɓoye komai. Kada kuma ya koma shan tsohon maganin da ka kafin a auna shi. Abokin nasa alheri ya nufa, amma a sanar da shi a hankali cewa wanda ya yi wa mutum magani ba da sani ba, ya jawo ɓarna, shari'a tana ɗora masa lamuni. In azumi ya matso ki sake rubuto min da abin da likita ya ce.

Allah ne mafi sani.