Sabon tankin kiwon kifi na ruwan gishiri: yadda bakteriya za su kafu da wuri

Malam, kace sati 4 zuwa 6 ɗin da ake jira kafin a zuba kifi yayi maka tsawo, to ana iya rage shi. Bakteriyar da ke maida amoniya (gubar da ke fitowa daga dattin kifi) zuwa naitirait, wanda shi ma guba ne, sannan zuwa naitiret mai ƙarancin illa, su kake jira su yawaita, don haka samo soson filta ko duwatsu daga tsohon tankin ruwan gishiri mai lafiya ka saka da danshinsu, in suka bushe bakteriyar da ke jikinsu sun mutu. Ka ɗiga musu amoniya kamar 2 ppm (wato kashi 2 cikin miliyan na ruwan), ita ce abincinsu, zafin ruwa ya tsaya wajen digiri 27 na Salsiyos, famfo kuma kar ya tsaya don suna buƙatar iska. Bakteriyar da ake sayarwa a kwalba ma tana taimakawa in bata lalace ba.

Amma fa kar ka zuba kifi sai gwaji ya nuna amoniya da naitirait suna komawa 0 cikin awa 24 bayan ka ɗiga amoniya.