Kada ka buɗe bayanta tukuna

Ɗana, na ga saƙonka da hotunan da ka turo. Ka ce wajen rabon kayan marigayi kakanka, Allah ya jiƙansa, aka miƙo maka wata baƙar kyamara mai ido biyu a jakar fata, kana tambaya ko za ta yi aiki, kuma ta ina za ka fara. To, rabonka ya tsaga. Yashica Mat-124G ce, ƙirar Japan, an yi ta daga 1970 zuwa 1986. Da irinta muka ci abinci shekara da shekaru kafin zuwan dijital.

Amma kafin komai, ka janye hannunka daga makullin da ke gindinta. A hotonka na uku na hango lamba 8 a 'yar tagar da ke kusa da hannun juyawa. Wannan lambar tana komawa kan harafin S ne duk lokacin da aka buɗe baya. Tunda tana kan 8, alama ce akwai fim a ciki, kuma tsohon ya ɗauki hoto bakwai bai wanke ba. Wa ya sani ko mahaifiyarka ce a ciki tana yarinya? Kana buɗewa haske zai cinye su, ba sake dawowa. Abin da za ka yi: rufe idanun da murfinsu, danna shota, wato maɓallin ɗaukar hoto, juya hannun gaba har ya tsaya, ka mayar da shi baya. Haka za ka yi ta yi har ka wuce 12, sannan ka ci gaba da juyawa sai ka ji hannun ya saki. Daga nan ka shiga ɗaka inda babu rana, ka buɗe, ka ciro fim ɗin a naɗe cikin takardarsa, ka liƙe bakin da 'yar takardar da ke jiki. Mu da yawu muke liƙewa. In shota ta ƙi dannuwa, kada ka yi mata ƙarfi, kawo min ita yadda take.

Fim ɗinta shi ake kira 120, Kodak ta fito da shi tun 1901, har yau kuma ana yin sa. Hoto 12 kawai yake ba ka, kowane nagatif kusan santimita 6 ta kowane gefe, ya fi na ƙananan kyamarori girma kusan sau huɗu. Shi ya sa za ka ga tsohon hoton biki an buga shi babba, amma har zaren aikin babbar riga kana iya ƙirgawa. Kwarkwaron da ya rage babu komai a ƙasa kada ka yar, shi za ka mayar sama ya naɗe sabon fim. Farantin da ke jikin murfin baya kuma ka tabbata yana kan 12, ba 24 ba.

Idan cikinta ya zama babu fim, sai dubiya. Idon sama na kallo ne, na ƙasa shi ke ɗauka, don haka na ƙasan ne abin damuwarka. Buɗe baya, sa shota a kan B, inda take zama a buɗe muddin kana danne da ita, danna ka riƙe, ka haska fitilar waya ta ciki. Ƙurar hunturu ba komai ba ce, a hure ta da famfon roba. In kuwa ka ga abu kamar saƙar gizo, fumfuna ce, jakar fatar nan ta jawo ta da damina, sai mai gyara. Sannan ka sa ta a daƙiƙa 1 ka kasa kunne: lafiyayya za ta yi zirrr ta rufe, mai ciwo za ta yi ta ja kamar tsohuwa a hawan tudu. Ko da wasa kada ka ɗiga mata mai. Ina yaron shago na taɓa sa wa wata man keken ɗinki, ganyen shotar suka manne, wata uku maigidana yana cirewa a ladana. Haka kuma kada ka taɓa maɓallin ɗaukar kai, mai jinkirta shota, alhali ɗan makunnin filasha yana kan M, nan take take cijewa. Bar shi kan X.

Ma'aunin haskenta ka manta da shi, batirin da aka yi shi dominsa an daina yi. Ranarmu ta ishe ka ma'auni. Sa fim baƙi da fari, irin Ilford FP4 mai lamba 125: a tsakar rana sa buɗin ido a 16, saurin shota a 1/125, a inuwar zaure ka ƙara buɗe idon zuwa 5.6.

Abin da zai rikita ka shi ne kallo. A wuya ake rataya ta, ta sauko kan ciki, ka sunkuya ka duba gilashin sama, kuma dama takan koma hagu. Mutum ya matsa nan, kai ka bi shi can. Kwana biyu za ka saba. Ribar kuwa, mutane ba sa ƙamewa, tunda ba ka tsare su da ido ba.

Wankin tsohon fim ɗin nan ni zan yi, kai kana kallo. Maganin wanki yana son sanyi na digiri 20, ruwan randarmu kuwa a wannan bazarar ya wuce haka nesa. Ka zo ranar Asabar bayan Asuba, ka biya ka sayo ƙanƙara. Ka kuma tambayi mahaifiyarka wace shekara ta gan shi riƙe da ita na ƙarshe, don in san yawan mintin da zan ƙara wajen wankin.