Kafa murhun itace a gaban tsohon murhun jikin bango

Wa alaikumus salam Malam. Ka ce gidan da ka saya a Ingila tsoho ne, falonsa yana da murhun jikin bango irin na da, ramin ya yi ƙanƙanta, shi ya sa kake so ka ajiye murhun ƙarfe na itace a gabansa, hayaƙin ya bi tsohuwar hanya ya fita. Ana yin haka, kuma wajen ɗumi ya ma fi a cusa murhun cikin rami, domin zafin jikinsa falo yake bazuwa maimakon bulo ya shanye. Sai dai kada ka fara da sayen murhun. Ramin da hanyar hayaƙin su ne za su faɗa maka irin wanda zai yi.

Kafin komai kira mai sharar hanyar hayaƙi ya share ta, ya yi gwajin hayaƙi, in yana da kyamara ya zura. Wadda aka daɗe ba a yi amfani da ita ba takan cika da sheƙar tsuntsaye da ɓaraguzan siminti, wani lokaci ma an toshe ta daga sama. In ka tarar da siririn bututun da aka sa wa hitar gas a ciki, a cire shi, ba ya jure wutar itace.

Daga nan ɗauki tef ka auna daga daɓe zuwa ƙasan lintar ramin, wato dutse ko ƙarfen da ke ɗauke da bango a saman bakinsa. Wannan awon shi ne rabin aikin. Murhun da zai zauna a gaba ta bayansa hayaƙi zai fita, don haka dole saman bakin bututun baya ya kasance ƙasa da linta, da ɗan sarari na shigar hannu. Masu ƙera murhu suna rubuta tsayin wannan baki a takardar awonsu, amma yawanci zuwa tsakiyar bututun suke nufi, sai ka ƙara rabin faɗinsa, ka kuma ƙara kaurin sabon daɓen da za a shimfiɗa. Nan mutane da yawa suke faɗawa: sun manta da kaurin dutsen, murhu ya iso, bututu ya doki linta. Kuma kada kowa ya ce maka a ɗan karkatar da bututun ƙasa ya shige. Hayaƙi ba ya gangara, falo zai dawo duk lokacin da aka buɗe ƙofar murhun.

Ƙa'idar gini ta Ingila, sashen J, ta ce bututun da ke kwance daga bayan murhu kada ya wuce milimita 150. Ka ga ke nan bayan murhun kusan a bakin ramin zai tsaya, ba a tsakiyar falo ba. A ƙarshen wannan guntun ake ɗaura mahaɗa mai siffar T: reshen sama ya kama bututun da ke hawa, na ƙasa yana da murfi inda kunkunniya ke taruwa. A bar wurin da hannu zai kai ga murfin nan, in ba haka ba duk shara sai an ja murhun an kwance. Lanƙwasa kada ta wuce digiri 45 daga tsaye, kada su fi 4 a duk tsawon hanyar, kuma T ɗin ana lissafa shi a matsayin 2. Idan linta ta yi ƙasa ƙwarai, ko magini ya ɗaga ta, ko a fitar da bututun ta saman murhu, a sa gwiwa mai digiri 45, a huda bango sama da linta. Ta biyun tana jan hayaƙi da kyau, amma bututun zai fito fili.

Tsohuwar hanyar an gina ta ne don buɗaɗɗiyar wuta, tana da faɗi sosai. Hayaƙin murhun ƙarfe kaɗan ne, in ya shiga wannan fili sai ya huce kafin ya kai sama, ja ya yi rauni, kwalta ta manne a bulo, ita ce kuma take kamawa da wuta wata rana. Shi ya sa ake zura bututun ƙarfe mara tsatsa mai lanƙwasuwa tun daga rufi har T. Akwai lamba 316 da 904. Ta farko ta isa ga mai ƙona busasshen itace, ta biyu ta fi jure wa wanda zai haɗa da gawayin kwal mara hayaƙi. Faɗinsa milimita 150, ana yarda da 125 idan murhun yana cikin jerin da DEFRA, ma'aikatar muhalli ta gwamnatin Birtaniya, ta amince da su, kuma kada ya gaza faɗin bakin murhun. Akwai kibiya a jikinsa, sama take kallo. In aka juya shi, ruwan kwalta zai riƙa shiga tsakanin ninkin ƙarfen ya cinye shi. Tsayi daga saman murhu zuwa bakin hanyar hayaƙi a kan rufi ana so ya kai mita 4.5. Idan ginin hayaƙin a bangon waje yake, a naɗe bututun da bargon hana sanyi ko a zuba garin bamikulait, wani ma'adini mara nauyi mai riƙe zafi, a kewaye, kuɗin ba asara ba ne. A maƙogwaron ramin kuma a rufe da faifan ƙarfe wanda bututun zai ratsa, don kada ɗumin falo ya tsere sama.

Daɓen tsohon murhu yakan fito kamar milimita 500 daga bango. Ƙaramin murhu zurfinsa ya kai 350 zuwa 400, ƙa'ida kuma tana neman 225 a gaban ƙofarsa, ko 300 in ana iya kunna shi ƙofa a buɗe, da 150 ta kowane gefe. Haɗa lissafin ka ga tsohon bai isa ba, kuma ƙarin kan katakon bene zai hau. Idan takardar murhun ta nuna ba ya ɗumama ƙasansa fiye da digiri 100, faifan dutse ko gilashi mai kaurin milimita 12 ya wadatar, girmansa aƙalla 840 da 840. In ba ta nuna ba, sai an yanke katako an zuba kankare mai kaurin 125. Ni dai ina ganin a nemi murhun da ya cika sharaɗin farko, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Kantar katakon da ke saman ramin ita ce abin tsoro. Bututu mai fata ɗaya yana buƙatar tazarar ninki 3 na faɗinsa daga duk abin da ke cin wuta, wato milimita 450 ga bututun 150. Katakon da ya shekara yana shan zafi yakan bushe har ya kama ba tare da harshen wuta ya taɓa shi ba. Ko a cire ta, ko a sa ta dutse.

Girma kuwa, ninka tsawo da faɗi da tsayin ɗakin a mita, ka raba da 14, abin da ya fito shi ne kilowat ɗin da ɗakin ke buƙata. Falo mai mita 5 da 4 da 2.5 bai kai kilowat 4 ba, murhun kilowat 5 ya ishe shi. Babba sai ka riƙa shaƙe masa iska, gilashi ya yi baƙi, kwalta ta taru. A tsohon gida, abin da ya haura kilowat 5 yana buƙatar kafar iska ta dindindin, murabba'in milimita 550 kan kowane kilowat na ƙari. Fankar zuƙe tururi ta kicin, in falon haɗe yake da shi, tana iya jawo hayaƙi baya, a gwada da ita a kunne.

Na'urar gargaɗin iskar kabon monoksaid dole ce, mita 1 zuwa 3 daga murhun. Gubar da ke kashe masu kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu ce, ba ta da wari. Aikin kuma ko mai rajistar HETAS, ƙungiyar da ke tantance masu kafa murhun itace, ya yi ya ba ka takarda, ko ka sanar da sashen duba gini na ƙaramar hukuma kafin a fara. Masu inshora da mai sayen gidan nan gaba za su tambaye ta. Duba kuma ko unguwarku tana yankin taƙaita hayaƙi, yawancin manyan birane suna ciki, a nan murhun jerin DEFRA kaɗai aka yarda ya ƙona itace.

Wutar farko ka yi ta ƙanana sau 3 ko 4, taga a buɗe, fenti zai yi wari yana kamawa. Itace ya zama danshinsa bai wuce kashi 20 cikin 100 ba, ka tsaga guda ka soka na'urar awo a sabuwar fuskar, ba a bayan ɓawo ba. Katakon fenti da guntayen kujeru ba sa shiga. Shara sau 2 a shekara ga mai ƙona itace kullum, ɗaya kafin sanyi ya shigo, ɗaya a tsakiyarsa.