Jakar da za ta tsaya da ƙafarta

Ka tambaye ni, ɗana, me ya sa jakar nan ta zube alhali ɗinkinka ba shi da aibu. Jakar hannu aka ce mu yi mai tsayin mita 1, a girka ta a zauren baje kolin zane-zane, bakinta a buɗe, maratayinta a miƙe sama ba mai riƙe da shi. Kai kuwa ka ninka awon ƙaramar jaka ka ɗinka da fatar akuya. Jakar ratayawa kafaɗa ce ke ɗauke da ita, kayan ciki ke cika ta. Wannan ba kafaɗa, ba kaya, sai fatar ta ɗauki kanta. In ka ninka tsawo da faɗi sau 2, fatar da za ta shiga sau 4 ce, nauyinta ma haka, ƙarfinta kuwa yana nan yadda yake.

Jar fatar akuyar Sakkwato kaurinta bai cika wuce milimita 1 ba. Ita ado ce, a sama za ta zo. Gangar jiki sai kirgi, wato jemammiyar fatar sa, mai kaurin milimita 3 zuwa 4, jimar bagaruwa. Kada ka karɓi fatar kamfani da aka jeme da sinadarin kurom, wadda in ka yanka za ka ga cikinta shuɗi-shuɗi. Ko kwana ta yi a ruwa, tana bushewa za ta koma laushinta.

Sassaƙa siffar jakar da katako, ka goge ta sumul, ka naɗe da leda. Tsoma kirgin a ruwa mai ɗumi har kumfa ta daina tasowa, ka ajiye shi sai launinsa ya fara dawowa amma yana da sanyi a hannu. A lokacin ne yake jin magana. Ja shi a kan katakon daga tsakiya zuwa gefe, kana murzawa da ƙashi mai santsi, ka bar rarar santimita 5 ko'ina saboda zai tsuke. Masu yin tandu sun daɗe da sanin wannan dabara: a kan siffar yumɓu suke shafa ɗanyar fata, in ta bushe su fasa yumɓun su zazzage.

Ƙusar da za ka kafe fatar a jikin katakon kuwa, ta farin ƙarfe marar tsatsa ko ta tagulla kawai. Baƙin ƙarfe na taɓa jiƙaƙƙiyar fatar bagaruwa zai bar baƙin tabo da ba ya fita. Ai haka kuloko, baƙin rinin dukawa, yake baƙanta fata, sai dai shi da gangan ake yi.

Gindin jakar, inda nauyi ke sauka, yana son tauri fiye da sauran. Zuba masa ruwa mai zafin digiri 80 na kamar daƙiƙa 20. Zai yi duhu, ya ƙara kauri, ya tsuke. Tafasasshen ruwa zai ƙanƙance shi ya riƙa karyewa, don haka ka fara gwadawa da ƙyallen fatar guda.

A inuwa za ta bushe, kwana 2 ko 3. Rana da iskar hunturu suna busar da waje kafin ciki, fatar ta karkace. Da damina kuma ka sa mata fanka, in ba haka ba ta yi fumfuna. Bayan ta bushe sarai, zare katakon, ka narka kakin zuma ka shafe cikinta da zafinsa har ta sha. Kada mai ya kusance ta; mai laushi yake kawowa, mu kuwa tauri muke nema.

Maratayi shi ne abin da ido zai fara kamawa. Lanƙwasa sandar tagulla mai kaurin milimita 6, ka sa ta tsakanin fata biyu ka ɗinke da basilla. Kada ta tsaya a bakin jaka: ta gangara ta cikin gefe har ƙasa, a ɗaure ta da noti a jikin katako mai nauyi da ka ɓoye a gindi. In a baki ta tsaya, nauyinta zai yaga fatar a hankali.

Jar fatar da zanenta su zo ƙarshe, kuma ka girmama zanen daidai girman jakar. Sarƙar da ke burge mutum a zabira, daga taku 5 ba a ganinta. Je ka jiƙa ƙyalle 3 ka kawo mini mu gwada ruwan zafin.